Auta Zai Tafi Koyon Zanen Uwa Maryamu

Lazare, Yamai

Zuwa ga autana Yusufu,

Gaisuwa mai tarin yawa. Alherin Ubangiji ya riga ka isa inda za ka. Allah ya tsare motar da za ka shiga tun daga tasha har ƙofar gidan ƴan zuhudun nan, ya ba direbanku natsuwa, ya kau da mugun ji da mugun gani daga hanyarka.

Kada ka yi mini dariya don na rubuto maka wasiƙa alhali ƙofar ɗakinka tana kallon tawa. Na gwada yi maka magana da baki, amma duk sanda na buɗe shi sai guɗa ta riga maganar fitowa. Tun ranar da Mompe, limamin majami'armu, ya tsayar da ni bayan misa ya ce an karɓe ka, ban sake tafiya irin ta mace mai shekaruna ba. Shekaranjiya a kasuwar Lazare kasko guda na fari masa, fanken da nake sayarwa, na ƙona ƙurmus, ina can ina ba masu tumatir labarinka. Yaron da ke rubuta allunan shagunan aski da na masu gyaran salula a unguwar Kalle, yau shi ne zai tafi ƙasar Benin ya zauna shekara uku yana koyon zanen tsarkaka a kan katako! Ka ce sunan irin wannan zane ikon. Na ce ikon Allah kuwa. Da ka ƙara da cewa da gwaiduwar ƙwai ake kwaɓa launin, babanka ya riƙe haɓa ya ce to Allah ya sa kajin can masu haƙuri ne.

Na san Uwa Maryamu za ka fi zanawa. Ni na riga ka zama da ita, kuma na sha yin tuntuɓe a gabanta. Labaran ka san su gutsure-gutsure, wasu a bakin yayarka Saratu, wasu a bakin maƙwabta. Ina so ka tafi da su daga bakina.

Ina da tsohon cikinka muka tare a gidan nan na Lazare. Ranar da muka sauke kaya, Hajiya Fati, maƙwabciyarmu mutuniyar garin Tawa, ta shigo da kwanon fura ta yi mana barka da zuwa. Idonta ya faɗa kan ƴar siffar Uwa Maryamu ta farar ƙasa da na taho da ita daga Dogon Dutsi, wadda ke kan tebur har yau. Ta ce, “Maman Saratu, wannan ƴar tsanar ta yara ce ko taki?”

Raina ya ɓaci nan take. Ban ba ta amsa ba, na juya mata ƙeya ina ta jera kwanoni har ta gaji ta fita. Kwanonta na aika mata wayam, ko tukwici ban ba yarinyar da ta zo karɓa ba. Daga ranar in mun haɗu a bakin famfo sai in duƙar da kai kamar ina neman allura.

Naƙudarka ta taso da la'asar, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Babanka yana garin Gaya da babbar motar da yake tuƙawa. Unguwar ta cika da ruwa, babu taksin da zai shigo. Saratu ta ga ina murƙususu ta fita a guje, kuma gidan da ƙafarta ta kai ta shi ne na Hajiya Fati. Matar nan ta ratso ruwa har gwiwa, ta shigo ta durƙusa a bayana ta riƙe mini ƙugu. Ta kwance bakin mayafinta ta fito da dabino ta sa mini a baki.

“Ci,” in ji ta. “A wurinmu Nana Maryama dabino ta ci da naƙuda ta kama ta, tana ita kaɗai, babu mai riƙe mata baya. Ke ga ni nan. Yunƙura!”

A hannunta ka faɗo. Da ruwa ya tsagaita ta sa aka samo amalanken jaki aka kai mu asibitin haihuwa. Bayan mun dawo gida ta zo wanka, ta sake tsayawa gaban tebur. A ranar na buɗe baki na ce mata, “Hajiya, Maryamu ce.” Ta dafe ƙirji ta ce, “To me ya hana ki faɗa tun ranar? Mu ba ma yin siffarta, kuma ba zan ce miki na yarda da yi ba. Amma sunanta na sa wa ƴata ta fari.”

Har yau ba ta yarda da siffa ba, ni ma ban daina ajiyewa ba, kuma kilishin da ke cikin jakarka ita ta aiko da shi. Auta, aikin da ka zaɓa zai jawo maka tambaya har ka tsufa. Wani zai ce gunki kake sassaƙawa, wani zai yi dariya. Ka fara ba da amsa kafin ka yi fushi. Ka ce masa katako katako ne, ba ma yi masa sujada, kamar yadda mai sumbatar hoton mahaifiyarsa ya san takarda ce a hannunsa. In ya gamsu, madalla. In bai gamsu ba, ku sha ruwa ku rabu lafiya. Na yi asarar makonnin zumunci saboda kalma ɗaya da na ƙi furtawa.

Sai kuma wanda ya kusa raba ni da kai. Kana ɗan shekara huɗu masassarar cizon sauro ta kama ka. Na kunna buji, wato kyandir, a gaban Uwa, na rataya maka ƴar lambarta a wuya, na zauna da carbina. Jikinka yana ƙara zafi, ni ina ƙara buji. A zuciyata kai ka wurin likita tamkar in ce mata ban yarda da ita ba ne. Masera Anyes, ƴar zuhudun da ke aiki a ɗakin shan magani na majami'a, ta biyo ta unguwarmu a kan ƴar babur ɗinta ta leƙo mu gaisa. Ta ɗaga fatar idonka ta ga ya yi fari fat.

“Marta, me kike jira?”

Na ce, “Masera, na miƙa shi ga Uwa.”

Ban taɓa ganin ta ɗaga murya ba sai ranar. “Uwar da aka ce mata za a kashe ɗanta, zama ta yi tana kunna buji? Ɗaukarsa ta yi ta kama hanyar Masar! Tashi ki goya shi!”

Haka muka tafi, ita a gaba, ni a baya, kai a tsakiyarmu kanka yana lilo. Likita ya ce jininka ya kusa ƙarewa. Babanka aka nemo daga tasha, aka ɗebi nasa aka sa maka. Da ka buɗe ido abin da ka fara nema shi ne fari masa, na yi ta dariya ina kuka har majinyata suka taru.

Kwanan baya ka nuna mini wani tsohon zane a salularka, ka ce in dubi hannunta. Tana riƙe da Ɗan da hannu ɗaya, ɗayan kuma yana nuna shi. Ka ce haka magabata suke zana ta, ba ta nuna kanta. Ka riƙe wannan hannun da kyau. Mata irina za su durƙusa gaban abin da ka zana, wasu da yaro mai zafin jiki a baya. Ka zana ta yadda mai kallonta zai yi addu'arsa ya miƙe ya yi abin da ya kamata. Kai ma in ka ji jikinka babu daɗi a can, ka yi addu'a kana tafiya wurin likita.

Labarin kogi kuwa kai ma kana cikinsa, ko da yake na san rabinsa kawai kake tunawa. Shekarar da aka naɗa ni shugabar matan da ke yi wa babbar siffar majami'a ado, kaina ya kumbura. Idin ɗaukar Uwa zuwa sama yana matsowa, tsakiyar damina, ni ce da ɗinka mata sabon mayafi shuɗi mai surfani. A makon ne Inna, mahaifiyata, ta zo daga Dogon Dutsi, zuwanta Yamai na farko. Buri ɗaya ta taho da shi, ta ga kogi. Duk rayuwarta ruwan rijiya da na tabki ta sani.

Kullum da safe sai ta ce, “Marta, yau za ki kai ni in ga ruwan?” Ni kuma in ce, “Inna, bari a gama idi.” In ajiye mata kunu in fice wurin tela, daga can majami'a, in dawo a gajiye ko hira ba na iya yi da ita.

Ranar idi mun ɗauko Uwa a kafaɗa, mayafin yana walƙiya, ana waƙa, ni a sahun gaba ina jin kamar ni aka ɗauko. Sai na ji an ja mini zane. Saratu ce, tana haki. Ta ce Inna ba ta gida, kai ma ba ka nan, mai shagon bakin titi ya ga kun shiga taksi tsohuwa tana tambayar hanyar kogi.

Ka san kogi a wannan lokacin, ya cika ya yi ja, yana cin gaɓa. Tsohuwa mai ciwon gwiwa da yaro ɗan shekara bakwai! Na saki sandar ɗaukar siffar da nake riƙe da ita, wata ta tare, na fita daga jerin da gudu, ɗankwalina a hannu. Na bi bakin gada ban gan ku ba. Wani mai taksi ya ce abokinsa ya sauke wata tsohuwa mai Hausar Arewa a Gudel. Na ratsa lambunan Gudel ina kiran sunanka, ina taka wa mutane salati da kabeji, masu lambu suna yi mini magana da Zabarmanci ina ba su amsa da kuka. Wani masunci ya nuna mini gindin mangwaro da bakin wuƙarsa.

Ga Inna zaune a kan kifaffen kwalekwale, ta tsoma ƙafafunta cikin ruwa, tana cin ɗanyen karas da wata mai lambu ta ba ta. Kai kuma kana durƙushe da guntun gawayi da kwalin sabulu, kana zana ta. Na zube a gabanta. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Waccan uwar tana da mata cike da majami'a masu yi mata ɗinki. Ni ke kaɗai gare ni a garin nan. Da na ga ba ki da lokaci sai na ɗauki mijina muka taho.”

Wai kai ne mijin. Ta miƙo mini kwalin. Auta, Inna ce sak, har da yadda take karkata kai in tana jin daɗi. Ranar na fara sanin abin da Allah ya sa a hannunka. Na cire takalmi na zauna kusa da ita na tsoma nawa ƙafafun, muka zauna har rana ta yi sanyi. Ta yi shekaru bayan nan kafin Allah ya ɗauke ta, kuma duk zuwanta Gudel muke fara zuwa.

A gidan da za ka akwai tsofaffin ƴan zuhudu, akwai mai dafa muku abinci, akwai matan ƙauyen da za su kawo muku ƙwan nan. Kada katako ya rufe maka ido daga gare su. In kana tsakiyar shafa zinariya a kan Uwa, tsoho ya ce ka miƙo masa ruwa, ajiye burushin. Zanen zai jira ka. Ka kuma riƙa kiran babanka a waya. Ba zai taɓa cewa yana kewarka ba, sai dai ya tambaye ka ko ana ruwa a can.

Labarin bara kuwa, in na tuna har yanzu kunya da dariya suke kama ni tare. Da Mompe ya ba ka bangon ƙaramin ɗakin addu'a ya ce ka zana Uwa da Ɗa, na zaci irin ta kalanda za ka yi, fara sol mai siririn hanci. Na shiga na tarar da mace baƙa kyakkyawa, da ɗaurin kallabi irin namu, idonta kamar na wadda ta tashi tun asuba. Wannan duk na haɗiye. Amma da na matsa kusa sai na ga tabo a wuyan hannunta na dama, tabon ƙunar mai, daidai inda nawa yake.

Na ce maka, “Ka goge. Wace ce ni da za a sa tabona a jikin Uwar Mai Ceto? So kake mata su ce na sa ɗana ya mai da ni tsarkakakkiya?”

Ka ce, “Mama, ita ma girki ta yi shekara da shekaru. Da me kike tsammani ta ciyar da shi?”

Ban saurare ka ba. Da ka tafi Kalle aiki na ɗauki burushinka da gwangwanin shuɗi na ja mata hannun riga har ya rufe tabon. Ni da ban taɓa fentin ko ƙofa ba! Hannun ya fito kamar an naɗe shi da bandeji. Ka dawo ka tsaya kana kallo, kuma kallon nan ya fi mini zagi ciwo.

Kwana kaɗan bayan haka Madam Rahila ta same ni a kasuwa. Ka san ta, mai tuyar kifi a bakin Babbar Kasuwa, wadda ɗanta ya rasu a hatsarin babur. Ta ce, “Maman Saratu, wa ya taɓa hannun Uwa?” Ta ja hannun rigarta ta nuna mini nata tabon, ya fi nawa girma. Ta ce, “Tun da yaron nan ya tafi na kasa addu'a. Ranar da na leƙa ana zanen na ga tabon, sai na ce ashe ta san wuta. Nan bakina ya buɗe. Kullum in na tashi kasuwa wurinsa nake zuwa, jiya na je babu.”

Na bar kaskona a hannun maƙwabciya na hau kabu-kabu har Kalle. Na same ka a kan tsani kana rubuta allon wani mai aski. Na ce, “Sauko ka je ka mai da shi.” Ka sauko kana murmushi, har mai askin ya bi mu da faɗa. Hoton wannan bangon ne Mompe ya aika Benin, ga shi yau ana haɗa maka jaka.

Ni na ɗauka tabon nawa ne, ashe na duk macen da ta taɓa tsayawa gaban kasko ne. Don haka kada ka ji kunyar inda ka fito. Amma kuma kada wannan ya sa ka shiga gidan mutane da girman kai. An ce malaman can sai sun yi azumi da addu'a kafin su taɓa katako, kuma sabon ɗalibi yana daɗewa yana niƙa launi da kwaikwayon zanen magabata kafin a bar shi ya yi nasa. Ka niƙa. In sun ce layinka ya karkace, ka goge ka sake, ko da kana ganin daidai yake. Ka koyi nasu duka tukuna. Namu yana cikin jininka, ba zai gudu ba.

Saura magana ɗaya, ita ce ta hana ni sakewa cikin murnar nan. Da Saratu ta yi maka tsiya ta ce wataƙila ƴan zuhudun su riƙe ka, ka sa farar riga ka ƙi aure, ka tuna abin da na ce. Na ce in ka yi haka ban yafe nonona ba. Kowa ya yi dariya, amma na ga fuskarka ta canza, kuma tun ranar ba ka sake zama mun yi doguwar hira ba.

Na janye wannan magana, Yusufu. Na yafe maka nonon da ka sha, da goyon, da duk wata wahala, babu sharaɗi. Ina son in goya ƴaƴanka, ba zan ɓoye ba, har sunaye na tanada. Amma jiya na zauna a ɗakin addu'a ina kallon matar da ka zana, na tuna ita ma ɗa ta haifa ta raina, ya girma ya ce zai tafi aikin da aka aiko shi, kuma ba ta tare masa ƙofa ba. Ba zan yi shekara da shekaru ina kiran sunanta sannan in kasa yin ko kaɗan daga abin da ta yi ba. In ka dawo mini da yarinya ka ce ga wadda kake so, zan yi guɗa har a ji a Gudel. In ka dawo cikin farar riga, guɗar ɗaya ce. Abin da ba na so shi ne ka zaɓi ɗaya daga ciki don tsoron bakina.

Kuma ka sani, ranar da ka gama zanenka na farko a kan katako, kada ka turo mini shi ta salula. Ban taɓa ƙetare iyakar ƙasar nan ba, amma na riga na je an ɗauke ni hoton katin shaida, na kuma gaya wa babanka ya fara koya wa kansa dafa tuwo. Da idona zan zo in gani.

Allah ya kai ka lafiya, ya zaunar da kai lafiya, ya haɗa ka da malamai masu haƙuri da abokai na gari. Ya tsare idonka da hannunka da zuciyarka. Uwa Maryamu ta yi maka roƙo, Yusufu mijinta, mai sunanka, ya tsaya maka. Babanka yana sa maka albarka, Saratu da yaranta suna gaishe ka, Hajiya Fati ta ce ka ci kilishin kai kaɗai.

Ranar Asabar a tasha in ka ga ina rawa a gaban mutane, kada ka ɓoye fuska. Ka ɗago hannu ta taga ka ce musu uwarka ce.

Mahaifiyarka mai ƙaunarka,
Marta